DALLA-DALLA: Motsa jiki, hawan jini da ciwon ƙoda: Abin da ɗan gari da manomin fadama ke buƙata a Haɗejiya

Da an idar da sallar asuba, hanyoyin da suka fita daga Haɗejiya zuwa fadama kan cika da masu keke da masu babur, kowa da fartanya ko injin ban-ruwa ɗaure a baya. Da yawansu ba za su dawo ba sai rana ta yi sanyi. A cikin gari kuwa, ɗan tireda zai buɗe shago ya zauna a kan benci, ma'aikaci ya hau acaɓa daga ƙofar gida zuwa ƙofar ofis, matashi ya tare a majalisa da waya a hannu har dare ya raba.

Idan aka yi wa waɗannan mutane maganar motsa jiki, manomi zai ce wahalar gona ta ishe shi, ɗan gari kuma ya ce wannan harkar masu kuɗi ce. Kowannensu yana da 'yar gaskiyarsa, amma ba ta cika ba. Wanda ya wuni a zaune yana buƙatar motsi. Wanda ya wuni cikin rana yana buƙatar ruwa da inuwa da hutu. Abin da duka biyun ke karewa ɗaya ne: zuciya da jijiyoyin jini da ƙoda.

Me ya sa batun ya shafi Haɗejiya musamman?

Shekaru da dama ke nan mazauna garuruwan da ke bin kogin Haɗejiya, daga ƙasar Haɗejiya a Jigawa har zuwa Nguru da Gashuwa a Yobe, suna kokawa da yawan masu ciwon ƙoda. Lamarin ya kai gwamnatin Yobe ta ɗauki nauyin bincike ta hannun cibiyar binciken kimiyyar lafiya da ke Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu. Daga cikin abubuwan da masana ke dubawa akwai ruwan sha, magungunan feshi, tsananin zafi da kuma gado.

Akwai kuma abin da likitoci suka daɗe da tabbatarwa: a faɗin duniya, ciwon suga da hawan jini su ne kan gaba wajen lalata ƙoda. Ƙodar mutum biyu na tace kimanin lita 180 na ruwan jini a kowace rana ta cikin wasu ƙananan jijiyoyi masu laushi. Jini mai ƙarfin bugu yana yi wa waɗannan jijiyoyi rauni, suga mai yawa kuma yana lalata su sannu a hankali. Mutum na iya shafe shekaru ƙodarsa na raguwa bai ji komai ba, sai ranar da ƙafa ta kumbura ko amai ya ƙi tsayawa.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna mutum biliyan 1.3 ne ke da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba.

Idan ƙoda ta gaza, sai wanki ko dashe. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda sau ɗaya daga naira 50,000 zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta. Ko a wannan farashi, wanda ake yi wa wanki sau biyu a mako zai biya naira 96,000 a wata, ban da kuɗin mota da magani da gwaje-gwaje, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Wanda ya san gidan da aka sayar da gona ko shanun huɗa saboda jinya ya san me wannan lissafi ke nufi.

Nawa ne ya wadatar?

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2020 ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 17 kuwa, awa guda a kowace rana.

Minti 150 na nufin rabin awa sau biyar a mako. Ba dole ne a yi shi a lokaci ɗaya ba: minti goma da safe, goma da la'asar, goma bayan isha'i, duk lissafi ɗaya ne. Hanyar gane matsakaicin motsi mai sauƙi ce. Idan numfashinka ya ƙaru, kana iya magana da abokin tafiya amma ba za ka iya rera waƙa ba, to kana kan ma'auni. Tafiya da sauri, tuƙa keke, tuƙa kwale-kwale da daka duk suna cikin wannan rukuni. Gudu da ƙwallon ƙafa da kokawa suna cikin mai tsanani. Tafiyar hira, wadda ake jan ƙafa ana tsayawa gaisuwa a kowace ƙofa, ta fi zama, amma ba ta kai ma'auni ba.

Ƙiyasin da hukumar ta wallafa a 2024 ya ce kashi 31 cikin 100 na baligan duniya, wato kimanin mutum biliyan 1.8, ba su kai wannan ma'auni ba a 2022. A cikin mata adadin ya kai kashi 34, a cikin maza kashi 29.

Abin da motsi ke yi a cikin jiki

An fara samun hujja mai ƙarfi ne a Ingila. A 1953 wani likita mai suna Jeremy Morris da abokan aikinsa suka wallafa nazari a kan ma'aikatan motocin bas masu hawa biyu na birnin Landan. Direbobi suna wuni a zaune, kwandastoci kuwa suna hawa da sauka a matakala don karɓar kuɗi. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi, ya kuma fi kashe su. Duk mai tuƙa Keke Napep ko motar haya tsakanin Haɗejiya da Kano yana da darasi a nan.

A 2002 an fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka a kan mutum fiye da 3,000 da sugansu ya fara hawa amma bai zama ciwo ba. Waɗanda aka ɗora a kan motsa jiki na minti 150 a mako da gyaran abinci da rage ƙiba sun samu raguwar kamuwa da ciwon suga da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar metformin sun samu raguwar kashi 31.

Dalili kuwa shi ne tsoka ce babbar mai cin suga a jiki. Idan tana aiki, tana zuƙe suga daga jini, kuma bayan an gama tana ci gaba da saurin karɓarsa na tsawon sa'o'i. Shi ya sa 'yar tafiya bayan cin tuwo ko shinkafa ta fi kwanciya nan take. Zuciya ma tsoka ce: idan ta saba da aiki, bugu ɗaya yana tura jini mai yawa, sai ta rage gaggawa. Jijiyoyin jini suna saki, hawan jini ya sauka. Ga mai hawan jini, motsa jiki a kai a kai na iya rage lambar sama da maki 5 zuwa 8, abin da ya yi kusa da aikin ƙwayar magani guda. Akwai kuma barci mai daɗi, raguwar damuwa, da ƙarfin ƙashi da gaɓoɓi wanda ke hana tsofaffi faɗuwa.

Motsin da muka rasa ba mu ankara ba

Iyayenmu da kakanninmu ba su san ɗakin motsa jiki ba, domin rayuwar kanta motsi ce. Mata na surfe da daka da niƙa da ɗebo ruwa. Maza na zuwa kasuwar ƙauye a ƙafa ko a keke. Bayan kaka ana kokawa da dambe, yara maza na langa, 'yan mata na wasannin dandali. Injin niƙa da babur da famfo sun ɗauke wahala mai yawa, kuma babu mai hankalin da zai ce a koma baya, musamman ga matan da wahalar ta fi faɗa wa. Sai dai motsin ya tafi tare da wahalar, ba a kuma sa wani abu a gurbinsa ba.

Abinci ma ya sauya. Farar shinkafa da taliya da burodi sun ture gero da dawa a gidaje da yawa, lemon kwalba ya shiga kowane biki, shayin majalisa kuma sai an zuba masa suga har ya yi kauri.

Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya tilasta wa mutane da yawa jingine babur su koma keke ko tafiyar ƙasa. Babu wanda zai kira wannan alheri. Amma ya nuna cewa yawancin zirga-zirgar cikin gari ba ta fi ƙarfin ƙafa ba, kuma wanda ya koma keke bai kamata ya ɗauke shi abin kunya ba.

Manomin fadama: wahala daban, motsa jiki daban

Wanda ya wuni yana dashen shinkafa a yankin Auyo, ko yana yankan kachala a ruwa, ko yana dakon buhuna a kasuwar kifi, ya wuce minti 150 tun kafin azahar ta ranar farko. Ba ya buƙatar a ce masa ya yi gudu da yamma. Sai dai nazarce-nazarcen da aka yi a kan ma'aikata, musamman a ƙasar Denmak, sun nuna aikin ƙarfi na wuni guda ba ya ba da irin amfanin da motsa jiki na ɗan lokaci ke bayarwa. Shi motsa jiki yana ɗaga bugun zuciya na rabin awa ko awa guda, sannan jiki ya huta ya gyara kansa. Aikin ƙarfi kuwa yana riƙe bugun zuciya da hawan jini a sama na sa'o'i masu yawa, kullum, ba tare da isasshen hutu ba.

A nan zafi ke shigowa. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a wannan yanki kan haura digiri 40, daidai lokacin da ake tsakiyar aikin noman rani. Mai aiki a irin wannan rana na iya zubar da gumi fiye da lita ɗaya a awa guda. Idan ba a mayar da ruwan ba, jinin da ke zuwa ƙoda yana raguwa, ta samu ƙaramin rauni. Idan hakan ya maimaitu kullum, shekara da shekaru, raunin na iya zama na dindindin. An ga irin wannan a tsakanin masu yankan rake a Nikaraguwa da Salbado, inda dubban samari da ba su da suga ko hawan jini suka mutu da ciwon ƙoda. A gonakin da aka tilasta ba ma'aikata ruwa da hutu da inuwa a kan lokaci, raunin ƙoda ya ragu.

Darasin ga fadamar Haɗejiya a fili yake. A fara aiki da sassafe, a tsagaita idan rana ta take. A kafa rumfa ko ta zana ce a bakin gona. A riƙa shan ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, ba sai ƙishirwa ta yi tsanani ba, kuma ruwan ya zama mai tsabta daga gida, ba na kwatar ban-ruwa da taki da maganin feshi ke gangarawa ciki ba. Launin fitsari ma'auni ne na kyauta: idan ya yi duhu kamar shayi, jiki na neman ruwa. Mai gonar da ya ɗauki 'yan ƙwadago, wannan haƙƙi ne a wuyansa.

Akwai wata al'ada da ke ƙara dagula lamarin, wato shan haɗin ƙwayoyin "maganin gajiya" kowane dare. Yawancin irin wannan haɗi na ƙunshe da magunguna irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ke rage jinin da ke shiga ƙoda. Shan su a kai a kai, a jikin da ya wuni yana zubar da ruwa, haɗari ne a kan haɗari. Haka ma jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

Iyo kuwa motsa jiki ne mai kyau, amma ruwan da ba ya gudu sosai, irin na kududdufai da kwatoci da wuraren da kachala ta toshe, matattarar dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya ne. Jini a fitsarin yaro cuta ce, ba alamar balaga ba. Tana da magani mai suna praziquantel, idan kuma aka bar ta tana iya lalata mafitsara har ta taɓa ƙoda.

Mata fa?

Matar da ba ta cika fita ba, wadda injin niƙa da 'yan aike suka ɗauke mata zirga-zirga, tana cikin waɗanda zama ya fi yi wa illa, musamman bayan haihuwa biyu ko uku idan jiki ya fara nauyi. Tsakar gida ta isa: zagaye da sauri na minti goma sau uku a rana, tsallen igiya ga mai iyawa, tashi da zama daga kujera sau goma zuwa ashirin, ko zuwa Islamiyya da gidan 'yan'uwa a ƙafa tare da maƙwabta. Mai juna biyu da ba ta da wata matsala ita ma ana son ta samu minti 150 a mako na matsakaicin motsi, bayan ta tuntuɓi ma'aikatan awo. Mijin da ya hana matarsa wannan, shi zai biya kuɗin magani daga baya.

Abin da ke cikin tukunya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi ke ci a rana ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen magi da sinadarin taliyar leda da burodi. Kanwa ma tana ɗauke da sinadarin da ke sa gishiri ya ɗaga jini. Rage su a hankali, tare da ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa, yana sa harshe ya saba cikin 'yan makonni.

Suga kuwa kada ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙananan cokula 12, kuma kwalbar lemo mai rabin lita na iya ƙunsar kusan wannan adadi ita kaɗai. Dokar Kuɗi ta 2021 ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka, kuɗin da bai kai ya sauya wa mai saye ra'ayi ba.

Haɗejiya ba ta rasa abinci mai kyau ba. Ga kifi, ga wake, ga gero, ga zogale da rama da yakuwa da kuɓewa, ga kayan lambun fadama. Abin da ake nema shi ne ganye da wake su ƙaru a kwano, tulin shinkafa ya ragu. A ƙara da barcin awa bakwai zuwa tara, da barin sigari da shisha.

Yadda za a fara

Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti goma, ya riƙa ƙara minti biyar kowane mako. Sannu ba ta hana zuwa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan asuba ko dab da magariba, da azumi kuma bayan an sha ruwa. Tafiya masallaci mai ɗan nisa, sauka daga acaɓa kafin a ƙarasa, da miƙewa a taka bayan kowace awa guda ta zama, duk suna shiga lissafi.

Duk baligi ya auna jininsa aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan an samu 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku daban-daban, hawan jini ne, ko da mutum ba ya jin ciwon kai. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya fara motsa jiki. Mai ciwon zuciya ko na ƙoda ya nemi shawarar likita kafin ya fara, har da yawan ruwan da zai sha. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi ya sarƙe yana cikin motsi, ya tsaya ya nufi asibiti.

Rabon hukuma

Ba daidai ba ne a ɗora wa talaka dukkan nauyin. Mutum ba zai yi tafiya a titin da babu gefen masu ƙafa ba, mace ba za ta fita da asuba a layin da babu fitila ba, yaro ba zai yi ƙwallo a filin da aka yanka filaye ba. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina da kula da tituna da fitilun kan hanya da magudanan ruwa da wuraren shaƙatawa da filayen jama'a. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko.

Saboda haka matasan ƙananan hukumomi takwas na masarautar, wato Haɗejiya, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori, suna da tambayoyin da za su iya kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa. Shin asibitin mazaɓarmu na da na'urar awon jini da ta suga masu aiki? Akwai tsinken gwajin fitsari da ke nuna matsalar ƙoda tun da wuri? Ana yin darasin motsa jiki a firamarenmu, har da 'yan mata? Filin wasan unguwa yana nan, kuma da sunan wa takardarsa take? Nawa aka ware wa rigakafi a kasafin bana, nawa aka saki? Injin wankin ƙoda yana da daɗin ƙaddamarwa a gaban kyamara, kuma ana buƙatarsa. Amma kuɗin inji ɗaya zai sayi na'urorin awon jini masu yawan gaske.

Mutanen Haɗejiya sun san darajar shiri kafin ɓarna. A damunar 2020 da ta 2022, da kogi ya cika ya yi barazana ga gari, matasa ne suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga. Hawan jini da suga ba sa zuwa da ƙara irin ta ambaliya, shi ya sa ba a yi musu gayya. Jingarsu ita ce rabin awa na tafiya ga ɗan gari, jarkar ruwa da rumfa ga manomi, rage gishiri a tukunya, da awon jini sau ɗaya a shekara ga kowa.